A keji akun Karolina na ƙarshe ya mutu

Akwai wani aku kore mai kai ruwan ɗorawa da a da yake cika dazukan gabashin Amurka, akun Karolina ake ce masa, yau in kana son ganinsa sai dai a zanen John James Audubon ko busasshiyar gawarsa a gidan tarihi. Manoma sun yi ta harbinsa don yana ci musu 'ya'yan itace, wasu kuma gashinsa suke so don adon hular mata, abin tausayin ma in an harbi ɗaya sai sauran su dawo suna shawagi a kansa, shikenan a haɗa da su. Na ƙarshe da ke hannun mutane, mai suna Incas, ya mutu a gidan zu na birnin Sinsinati a 1918.

A keji fa ya mutu. Shi ya sa duk lokacin da na ji masu zane suna saida hotunan irin waɗannan tsuntsaye don tallafa wa masu kiwo nakan ji daɗi, amma sai na tambaya wane kiwon? Don wallahi kiwo kala-kala ne.

Dubi shuɗin akun nan na Burazil mai suna Spix. Na ƙarshe a daji ya ɓace a 2000, kuma masu kama shi suna saida wa masu kuɗi na cikin waɗanda suka ƙarar da shi. Amma dai a hannun masu kiwo irinsa ya tsira, waɗanda suka rubuta asalin kowane tsuntsu suka haɗa aure da lissafi har aka samu ƙyanƙyasa, a 2020 aka kwaso 52 daga Jamus aka mayar Burazil, a 2022 aka fara sakinsu a jihar Bahiya. Wannan kiwon ne ya cancanci kuɗin zane.

Namu akun mai ruwan toka da jar wutsiya fa? Bincike ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na nata tun 1992, a 2016 yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin namun daji ta hana cinikin wanda aka kamo a daji tsakanin ƙasashe, amma har yau ana ganinsa a kasuwanninmu shi kaɗai a ɗan keji ana koya masa sallama. Ni kam ba na saye sai mai shi ya nuna min inda aka ƙyanƙyashe shi.