Ranar da 'yan aji uku suka gwada digirina

Shekara 11 ina koyar da manufofin ilimi a jami'a. Ko cikin barci ka tashe ni zan zayyano maka UPE ta 1976 (shirin ilimin firamare ga kowa), tsarin 6-3-3-4 (shekarun firamare, ƙaramar sakandare, babbar sakandare da jami'a), da UBE (shirin ilimin matakin farko ga kowa) wadda Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999. Abin da ban taɓa yi ba shi ne tsayawa gaban 'yan firamare da alli a hannu.

Bincike ya kai ni wata firamare a ƙauye, jakata cike da takardun tambayoyi. Hedimasta na ganin babbar riga da tabarau sai ya washe baki. "Dakta, Allah ne ya jefo ka. Malamin aji uku ya tafi jana'iza, ɗan riƙe mana su." Kafin in ce uffan, har ya tayar da babur.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya, yara 35. Na ƙirga har 90, sai na gane wasu na zagayawa baya don in sake ƙirga su.

Nan na tuna maƙalata kan raba yara rukuni-rukuni, wadda aka tafa min a kanta a taron masana. Na ce su kasu biyar-biyar. Wayyo ni! Ashe akwai tsohuwar gaba tsakanin 'yan gabas da 'yan yamma. Aka kaure. Wani ya fice ta taga, takardun tambayoyina suka koma jirage, tabarau kuwa ban san lokacin da ya bar fuskata ba. Na daka musu tsawa da Turanci, suka haɗa baki suka maimaita, sun ɗauka darasi ne.

Sai wata 'yar mitsitsiyar yarinya, monita, ta zabga tsumagiya a benci. "Kowa ya kama bakinsa!" Tsit, kamar ruwa ya cinye su. Ta dube ni cike da tausayi. "Malam, kai sabo ne ko? Zauna ka huta."

Ta shiga biya musu "biyu sau biyu huɗu" suna amsawa, wato haddar nan da na ɓata shafi 30 ina ragargaza.

A haka hedimasta ya dawo. Ya tsaya bakin ƙofa yana gyaɗa kai. "Kai! Digiri ba ƙarya ba ne, Dakta."

Na gyara zaman hula na ce, "Ai ɗan abin da muka karanta ne."

Monita ta miƙo min tabarau, ido ɗaya babu.