Kafin Ka Rubuta Insha'i a Kan Gidanku

Assalamu alaikum ƙannena ɗalibai, maza da mata, da duk mai koyon riƙe alƙalami.

Cikin batutuwan da ake ba ɗalibi ya yi insha'i a kansu, babu waɗanda ake rainawa kamar "Gidanmu", "Mahaifiyata" da "Ranar da na faɗi gaskiya". Ba sai an buɗe littafi ba, ba sai an tambayi kowa ba, sai ɗalibi ya ga ai banza ta faɗi. Alhali a nan ne rubutu ya fi lalacewa. Tattara takardun aji guda ka karanta, za ka ɗauka uwa ɗaya uba ɗaya suka haifi kowa: uwa mai tausayi, uba jajirtacce, gida cike da zaman lafiya da ƙaunar juna. Babu wanda ya yi niyyar ƙarya, amma babu wanda ya faɗi wani abu game da gidansu. Kowa ya rubuta abin da yake jin ya kamata a ce, ya bar abin da idonsa ya gani. Nasihata gare ku ita ce ku daina raba gaskiya da gwaninta a irin wannan rubutu. Wanda ya faɗi ainihin abin da ya faru, daidai yadda ya faru, ya riga ya yi rabin aikin iya rubutu.

Kada ka fara da neman jimlar farko. Ɗauki takarda daban, ka ba kanka minti 10, ka jera abubuwa 10 da ka gani da idonka ko ka ji da kunnenka a gida. Aukuwa nake nufi, ba hali ba. "Yayata tana da kirki" hali ne. "Yayata ta ɓoye sakamakon jarrabawata kwana biyu har sai da ran Baba ya yi sanyi" aukuwa ce. Bayan ka jera, bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: idan aka ciro wannan layi aka saka shi a takardar abokina, zai zauna ba tare da an canza kalma ba? Idan zai zauna, ba naka ba ne, soke shi. Cikin goma wataƙila biyu ko uku su tsira. Zaɓi ɗaya. Insha'i mai kalma 500 ba ya iya ɗaukar tarihin zuri'a, kuma mai ƙoƙarin cusa komai yakan ƙare da jerin sunaye da shekaru, ba tare da mai karatu ya san kowa a cikinsu ba.

Dubi waɗannan biyu. Na farko: "Mahaifina mutum ne mai matuƙar haƙuri da sanin ya kamata, ba ya fushi ko kaɗan." Na biyu: "Da ƙanena ya zauna a kan tabaran mahaifinmu ya fasa, sai Baba ya durƙusa yana tsince gilasan ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗago ba, ya ce, 'Nuna mini hannunka, ka yanke?' Sati uku yana karatu da takarda dab da hancinsa kafin ya yi sabo." A na biyun ba a ambaci haƙuri ba, amma mai karatu ya gan shi. Na farkon kuwa har da ƙarya a ciki, don babu ɗan Adam da ba ya fushi ko kaɗan, kuma mai karatu ya san haka, daga nan sai ya fara shakkar sauran maganarka. Yabon da ya wuce kima ba ya ɗaukaka iyaye a takarda, yana mayar da su mutanen da ba a taɓa yi ba.

Batun tsari ba shi da wuya, don haka ba zan daɗe a kai ba. Idan kalma 500 aka nema, gabatarwa ta ci kamar 60, kammalawa 50 zuwa 60, sauran a raba su sakin layi uku ko huɗu, kowanne da magana ɗaya tak. Idan a ɗakin jarrabawa ne kuma minti 50 gare ka, 10 na tsarawa, 30 na rubutu, 10 na bita. Waɗannan goman na ƙarshe su ɗalibai suka fi cinyewa, su ne kuma suke ceton maki. Gabatarwa ta shiga magana kai tsaye. Bar "kamar yadda kowa ya sani, gida shi ne tushen al'umma". In dai kowa ya sani, me ya sa za ka ɓata layi biyu a kai?

Abin da ya bambanta insha'in waiwaye, wato irin wannan da mutum yake tuno abin da ya faru da shi, da labari zalla shi ne mutum biyu ne suke magana a cikinsa: kai na wancan lokaci da abin ya faru a gabansa, da kai na yau da ka fahimci abin da wancan bai fahimta ba. Ka ba aukuwa kashi biyu cikin uku, ka bar kashi ɗaya ga fahimta. Idan aukuwa ta cinye duka, mai karatu zai ce, to sai me? Idan fahimta ta cinye duka, wa'azi ka yi. Yaron da ya ga mahaifinsa yana tsince gilasai ya ji daɗi ne kawai don ba a yi duka ba. Sai da ya girma ya gane cewa sati ukun nan babu kuɗin sabon tabarau ne, kuma ba a bari yara sun sani ba. Wannan ganewar ita ce zuciyar insha'in. Ita za ka kai mai karatu gare ta, ka tsaya a nan. Kada ka rufe da "daga ƙarshe ina kira ga matasa da su riƙa yi wa iyaye biyayya". Ba wanda ya ba ka lasifika, kuma kiran yana rushe abin da ka gina.

Yanzu ga inda na fi so ku kasa kunne. Idan aka ce a yi rubutu a kan gaskiya, yawancin ɗalibai ƙarya suke shiryawa. Sai ka ga kowa ya tsinci jakar kuɗi, ya mayar wa mai ita, mai ita ya yi kuka, ya ɗauki nauyin karatunsa. Malamin da ya daɗe yana duba takardu yana gane ƙagaggen labari tun daga sakin layi na biyu, kuma alamominsa sanannu ne: marubucin ne gwarzo daga farko har ƙarshe, kowa a labarin yana magana cikin hikima kamar ya haddace, babu wani ɗan abu da ya zo a karkace, sannan lada yana biyo baya nan take. Gaskiyar rayuwa ba haka take tafiya ba. Sau da yawa mai faɗin gaskiya tsawa yake sha, ko abokinsa ya daina yi masa magana, ko abin ya wuce ba wanda ya lura. Rubuta wannan. Ko ka rubuta ranar da ka ga an ɗora wa ƙanwarka laifin da kai ka yi, ka yi shiru, da yadda ka kasa haɗa ido da ita da daddare. Insha'in da marubuci ya nuna inda ya gaza ya fi koyar da darajar gaskiya fiye da wanda ya naɗa wa kansa rawani a ciki.

Akwai kuma ƙaryar da mutum yake yi ba da saninsa ba, wato ta tunawa. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa. Washegari masanin halayyar ɗan Adam Ulric Neisser na Jami'ar Emory ya sa ɗalibai sama da 100 suka rubuta inda suke, da abin da suke yi, da yadda labarin ya iske su. Bayan kusan shekara uku, shi da Nicole Harsch suka sake yi wa 44 daga cikinsu tambayoyin nan. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su dace da abin da suka rubuta da farko ba ko a abu guda, kuma da yawansu suna da yaƙinin cewa daidai suka tuna. Har da waɗanda aka nuna musu rubutun hannunsu, suka yarda nasu ne, amma suka ce su dai ba haka suke tuna abin ba. To idan haka ta faru da babban lamari cikin shekara uku, ina ga abin da ya faru kana ɗan shekara bakwai? Saboda haka duk abin da za a iya tantancewa, tantance shi. Shekara, wuri, wanda yake nan da wanda ba ya nan, tambayi yayanka ko ka duba hoto ko takarda. Abin da ba ya tantantuwa, faɗe shi a matsayinsa: "a iya tunawata", "yayana ya ce da rana ne, ni kuwa dare nake gani". Irin wannan jimla ba ta rage wa rubutu ƙarfi, amincewar mai karatu take jawowa. Haka maganar mutane: kada ka sa alamar zancen wani sai a kan gajeriyar maganar da ta zauna maka daram. Doguwar hira da aka yi shekara goma baya, ba da ma'anarta da bakinka.

Sai dai kada wani ya ji wannan ya ɗauka an ba shi lasisin tona asirin gida da sunan "gaskiya ɗaci gare ta". Gaskiyar da kake da iko a kanta ita ce taka: abin da ka yi, abin da ka ji a ranka, inda ka yi kuskure. Rashin lafiyar mahaifiyarka, bashin mahaifinka, saɓanin auren yayarka, waɗannan amana ce da zama tare ya sa a hannunka. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Manzon Allah (SAW) ya bayyana giba da cewa ambaton ɗan'uwanka ne da abin da yake ƙi. Aka ce, idan abin yana tare da shi fa? Ya ce idan yana tare da shi ka yi gibarsa, idan babu ka yi masa ƙage. Ka ga kenan kasancewar magana gaskiya bai isa ya halatta yaɗa ta ba. A aikace, abin yi shi ne: cire sunaye, ka yi amfani da "yayata" ko "wani kawuna", cire duk bayanin da insha'in zai tsaya ba tare da shi ba, idan asirin wani shi ne ginshiƙin labarin, nemi izininsa, in ya hana ka koma jerinka ka ɗauki wata aukuwa. Ka kuma bambance takardar da malami ɗaya zai karanta da rubutun da za ka ɗora a Facebook. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ko ka goge, wani ya riga ya ɗauki hotonta.

Ba ina cewa a rubuta daɗi kaɗai ba. Akwai gidajen da zama a cikinsu yake da nauyi, kuma ɗan irin wannan gida ba dole ne ya yi ƙaryar farin ciki ba. Amma kada ya rubuta yana cikin zafin rai, ko in ya rubuta ya ajiye sati guda kafin kowa ya gani. Idan ya dawo, ya nemi jimla ɗaya aƙalla da take nuna yadda wancan mutumin yake ganin lamarin ta nasa ɓangaren. Rubutun da babu wannan a cikinsa ƙara ce aka shigar, kuma wanda ake ƙara ba ya nan balle ya kare kansa.

Kwafe kuwa, ko daga intanet ko daga littafin wani ko a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, a wannan batu abin kunyarsa biyu ne. Ka ɗauki aikin da ba naka ba, sannan ka miƙa uwar da ba taka ba. Manhajar ba ta san ƙarar takalmin mahaifinka a bakin ƙofa ba, abin da za ta ba ka shi ne wancan gida na kowa da kowa.

Idan ka gama zubin farko, bar shi ya kwana in da hali. Washegari karanta shi da murya. Duk inda numfashinka ya yanke kafin ka kai aya, jimlar ta yi tsawo. Wadda ta haura kalma 25 zuwa 30 yawanci biyu ce aka ɗaure wuri guda. Bi "sosai", "matuƙa", "ƙwarai da gaske" ka soke mafi yawansu, za ka ga ma'ana ba ta ragu ba. Yi niyyar rage kashi ɗaya cikin goma na zubin. Duba ƙugiyar haruffa, don "baƙi sun cika ɗaki" daban yake da "baki". Duba rabawa da haɗewa: "shi ne" da "ita ce" da "za su" a rabe, "gidansa" da "yake" a haɗe, "a kan tebur" daban da "akan yi". Sannan ka ba mutum ɗaya ya karanta, kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, don zai ce ya yi. Tambaye shi wane wuri ya tsaya masa a rai, wane wuri kuma bai yarda da shi ba. Inda bai yarda ba, koma ka duba: ko dai ka ƙara gishiri a nan, ko kuma gaskiya ce amma ka tsallake wani bayani da kai ka sani shi bai sani ba. Na farkon a soke shi, na biyun a ƙara masa jimla ɗaya ko biyu.