Kwalba biyu daga Stellenbosch

Kafin wani ya taso min da wa'azi, bari in wanke kaina. Ban taɓa shan giya ba, ba kuma ni da niyya. Amma na taɓa yini guda a gonar inabi inda ake ɗanɗana ta, kuma abin da na gani ranar ya kwance min wani ƙulli da ya daɗe yana damuna game da shayi da fura da kunun azumi.

Wani horo ne ya kai mu Cape Town a Afirka ta Kudu, wajen watan Maris, lokacin girbin inabinsu. Ranar ƙarshe masu masaukinmu suka ce sai sun fita da mu shan iska, suka kwashe mu a bas zuwa Stellenbosch, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Tsohon gari ne, tun 1679 Turawan Holan suka kafa shi. Duwatsu sun yi masa zobe, kunyoyin inabi sun miƙe iya ganinka, ga fararen gidaje irin na da, ga iska mai sanyi tana busowa. Aka zaunar da mu a inuwar wata ƙatuwar bishiya.

Mu uku ne Musulmi a tawagar, sai aka kawo mana ruwan inabi zalla, wanda ba a tsima ba. Sauran kuwa aka jera wa kowa kofunan gilashi masu doguwar ƙafa. A zuba ɗan kaɗan, mutum ya jujjuya kofin, ya ɗaga shi a haske, ya cusa hanci, ya kurɓa, ya kurkure baki, sannan ya tofar a wani ɗan bokiti. Wannan ya ce ƙamshin jemammiyar fata yake ji, wancan ya ce ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, wata ta rufe ido ta ce ta tuna kicin ɗin kakarta. Na ce a raina, ashe Turawa ma suna santi, sai dai su nasu da biro da takarda ake yi.

Ina cikin yi musu dariya ban ankara ba ni ma na zame. Ruwan inabin nan, wallahi, ji na yi kamar ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba. Na sha kofi uku, na shiga ba maƙwabcina labarin gonar kakana da ba wanda ya tambaye ni. Da za mu tafi na sayi kwalba biyu, na naɗe su cikin kaya kamar ƙwai, har Kano.

Na buɗe ta farko da rana tsaka, ana zafin nan na bazara, an ɗauke wuta, yara suna rigima a kan rimot ɗin talabijin da ba ta ma aiki. Uwargida ta kurɓa, ta dube ni, ta ce, "Malam, yanzu wannan ne abin da ka cika mana kunne da shi?" Na karɓa na kurɓa. Ruwa ne mai zaƙi, shi ke nan. Har na fara zargin ko an canza min kwalba.

Ba a canza ba. Daga baya na gane masu giyar inabi sun daɗe da sanin wannan ciwon, don an sha kunyata gwanayensu a kansa. A 1976 wani Bature ɗan Ingila mai sayar da giya a Paris, Steven Spurrier, ya tara alƙalai tara 'yan Faransa, manyan masana, ya ba su giyar ƙasarsu da ta Kalifoniya ba tare da sun ga kwalba ba. Ta Amurka ce ta zo ta ɗaya, a fara da ja duka. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, har ta nemi a mayar mata da takardar makinta da ta ji sakamako. A 2001 kuma, a Jami'ar Bordeaux, Frédéric Brochet da abokan aikinsa suka rina farar giya da launin da ba shi da wari ta koma ja, suka ba ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni. Ɗaliban suka yi ta siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. Ido ya riga hanci yanke hukunci.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na 2008, a Kalifoniya. Hilke Plassmann da abokan aikinta suka sa mutum 20 a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka ba su giya iri ɗaya sau biyu, aka ce musu ta farko dala 10 ce, ta biyu dala 90. Suka ce ta dala 90 ta fi daɗi. Da a nan aka tsaya sai a ce kunya ce ko fafa. To amma sashen ƙwaƙwalwar da ke motsawa idan mutum yana jin daɗi ya fi motsi da aka faɗi babban farashin. Wato ba ƙarya suka yi ba, daɗin suka ji da gaske.

A nan nake rabuwa da masu cewa ai duk yaudara ce, an ci da hakkin wawaye. Ni ban yarda an yaudare ni a Stellenbosch ba. Daɗin da na ji a inuwar bishiyar nan gaskiya ne, lamin da na ji a falona ma gaskiya ne. Kuskurena kawai na zaci daɗin a cikin kwalba yake, alhali kwalba ruwan kaɗai ta ɗauko. Iskar da duwatsun da kwanciyar hankalin wanda ya gama aikin mako biyu, duk can na baro su.

Mu ma ai mun san haka, faɗa ne ba mu cika yi ba. Shekarun baya na kwana uku a Agadas, wani Buzu abokin yayana ya dafa mana shayi a tsakar gidansa bayan isha'i, kana hango hasumiyar babban masallacin nan na ƙasa. Koren ganyen shayi ne ɗan ƙasar Sin, irin wanda ake samu a kowace kasuwa, da sukari, da 'yar buta a kan gawayi. Sai ya ɗaga butar sama ya tsiyaya a finjali, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tashi. Zagaye uku ake yi, na farko da ɗaci kamar maɗaci, na biyu ya sassauto, na uku zaƙi. Kafin a kai na uku an ci awa biyu, an yi zancen raƙuma da gishirin Bilma da auren wani. Na sayi irin butar da irin ganyen na dawo da su. Na dafa ni kaɗai a kan risho cikin minti goma, na sha tsaye. Ɗaci kawai na ji, sai kuma barci da ya ƙaurace min har asuba. Matasan Yamai da ke raba dare a fada, wato majalisarsu ta shan shayi, suna jiran buta ɗaya ba ƙishirwa ke zaunar da su ba.

Ko kunun tsamiya. Wanda aka kurɓa da an kira magariba ranar goma ga azumi, a dama irinsa sak kwana uku bayan salla a ba ka da hantsi, ka faɗa min ko ɗaya ne. Fura a ƙwarya da ludayi, a gindin bishiya, Bafulatana na dama maka kana kallo, daban take da wadda aka ɗura a robar da aka ciro daga firij, ko da daga hannu ɗaya suka fito. Shi kansa santi, wa ya taɓa yin sa shi kaɗai a ɗaki? Sai da 'yan kallo, sai da wanda zai ce maka "a dai yi a hankali".

Akwai wani abu kuma da ban so in tsallake. A hanyarmu ta komawa Cape Town direban bas ɗin, dattijo ne ɗan yankin, ya ba mu labarin da ba a faɗa mana a inuwar bishiya ba. Bayi ne suka noma gonakin nan har aka soke bauta a 1834. Bayan nan aka daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, abin da suke kira dop. Doka ta hana tun 1960, amma wasu gonakin ba su bari ba sai a shekarun 1990, kuma har yau yankin na cikin wuraren da aka fi haifar yara da lahanin giyar da uwa ta sha da ciki. Bas ɗin ya yi tsit. Matar da ta tuna kicin ɗin kakarta ta dubi kwalin kwalaben da ke kan cinyarta, ba ta sake magana ba har muka sauka. Ina kyautata zaton da ta buɗe su a gida ba abin da ta sha da rana ta ji ba. Ni ma, in zan faɗi gaskiya, ba zafin Kano kaɗai ya rage wa tawa armashi ba.

Kwalba ta biyu na ajiye ta har azumi, na kai gidan Hajiyarmu aka sanyaya da ƙanƙara. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, jikoki sun cika wuri, ladan ya kira salla. Na zuba wa kowa ɗan kaɗan. Ƙanina ya kurɓa ya ce, "Yaya, wannan ai sai a Aljanna." Uwargida, wadda ta kushe ta farko, ta miƙo kofi a ƙara mata. Hajiya ta sha nata a hankali, ta ajiye kofin, ta ce, "Allah ya yi albarka. Miƙo min kununa."