Akuya ta ɓata mun yi cigiya, yaranmu fa?

'Yan'uwa cikin Kristi, salama a gare ku.

Ku nemo hoton Ƙarfafawa, wato sakramentin da Bishop ke shafa wa masu baftisma mai a goshi, na farish ɗinku na shekara uku da suka wuce, wanda aka ɗauka a ƙofar coci: Bishop a tsakiya, yara sun jeru cikin fararen kaya, man shafewa bai gama bushewa a goshinsu ba. Ku bi fuskokin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Nawa kuka gani a Mas ranar Lahadin da ta wuce? Nawa za ku iya kiran sunansu? Cikin waɗanda suka daina zuwa kuma, wane ne aka taka ƙafa aka je har inda yake?

In akuya ta tsinke igiya a unguwa, kafin magariba an zagaye layi uku ana cigiya. In waya ta faɗi a adaidaita sahu, sai an buga lambar sau ashirin, wani har kasuwar waya ta Farm Centre zai leƙa ko Allah zai sa a dace. Amma yaro mai baftisma ya yi shekara biyu ba a ga ƙeyarsa ba, sai mu kaɗa kai mu ce "yaran zamani sai addu'a", mu wuce taron kwamitin bazar. Haba jama'a! Wanda ya bar tumaki casa'in da tara ya bi guda ɗaya a Luka 15, ba misali ya ba mu don mu yi waƙa da shi kawai ba.

Kowace Lahadi ana ƙirga baiko har naira ta ƙarshe, mutum biyu ko uku su sa hannu. Daidai ne, haka ya kamata. Amma wa ke ƙirga mutane? Kuma ba wai sunayen babu su ba ne. Dokar Ikilisiya ta wajabta wa kowane farish ya riƙe littafin baftisma, ta kuma ce a rubuta sunan duk wanda aka ƙarfafa, da na iyayensa, da na wanda ya tsaya masa, da rana da wuri. Suna nan a ofishin Fada, cikin kabad, ƙura ta rufe su. Ba ma buɗe su sai in wani zai yi aure yana neman takarda.

Mun mai da Ƙarfafawa kamar saukar karatu. An yi wata da watanni ana haddar katikizim, an ci jarrabawa, an ɗinka kaya, an dafa shinkafa, an raba, shi ke nan kowa ya huta. Yaron ma abin da ya fahimta ke nan: ya gama. Kai da ka tsaya a bayansa ka ɗora hannu a kafaɗarsa a gaban Bishop, ka san me ka ɗauka? Ba don hoto aka ce sai mai shekara goma sha shida zuwa sama, wanda shi ma an ƙarfafa shi kuma yana karɓar Yukaris, wato Jibin Ubangiji, zai tsaya wa wani ba. Aikinka shi ne ka ga yaron nan yana rayuwa kamar mashaidin Kristi. Yaushe rabonka da kiransa? Kana ma da lambarsa?

Kada mu aro kukan Turai mu yafa. A Kano ba wanda ke ce wa yaranmu babu Allah. Gari ne da ake jin kiran salla sau biyar a rana, yaran maƙwabta suna tafiya Islamiyya da yamma, sunan Allah na bakin kowa a kasuwa. Abin da ke cin namu a hankali yake zuwa, ba ya musun Allah, sai dai ya tura shi gefe: wayar da ke hannu har ƙarfe biyu na daren Asabar, gidan kallon ƙwallo da yammacin Lahadi, cacar ƙwallo da ke cinye kuɗin mako, taramol, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi tun 2018. Sai kuma gajiya, wadda ba zunubi ba ce. Yaron shago a kasuwar Sabon Gari ko Kantin Kwari yana tsaye daga safe har kusan magariba. Yarinya mai aikin kamfani a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai tana iya fitowa daga aikin dare da asubar Lahadi. In ta yi fashin Mas sau ɗaya ba wanda ya tambaya, sau uku ba wanda ya tambaya, ta gane cewa zuwanta da rashinsa duk ɗaya ne a wurinmu. Ba ranar ta bar coci ba, mu ne muka riga muka bar ta.

To, cigiyar ba ta da wuya, juriya kawai take so. A nemi izinin Fada, Baba Katikis ya fito da sunayen shekara uku na baya. A zauna da shugabannin CYON, ƙungiyar matasan Katolika, da iyayenmu 'yan Zumuntar Mata, domin su ne suka san ɗan wane da inda aka koma. A raba sunayen kashi uku: masu zuwa, waɗanda suka bar gari, da waɗanda suna nan Kano amma ba sa zuwa. Wanda ya tafi makaranta a haɗa shi da 'yan NFCS na can, wato ƙungiyar ɗalibai 'yan Katolika, a ba shi suna da lambar mutum takamaimai, kada a tsaya ga "ka nemi coci in ka je". Kashi na uku su ne aikin. Kowane mutum biyu su ɗauki suna biyar, kada su wuce haka. Mai ɗaukar ashirin don a ce yana da himma, wata ɗaya zai yi ya watsar da duka.

Bibbiyu za a je, kamar yadda Ubangiji ya aiki almajiransa. Budurwa, mata su je wurinta. Wanda bai kai shekara goma sha takwas ba, sai da sanin iyayensa ko uban gidansa, kuma a fili, ba a ɗaki ba, ba babba ɗaya da yaro ɗaya ba. Wannan ba rashin yarda da kowa ba ne, kariya ce ga yaron da ga mai ziyarar. In a shago yake, kada ku je lokacin ciniki ku sa mai gidansa ya tsane ku. Ku gaishe da mai gidan tukuna, ku tambayi lokacin da ya dace.

Nan ne yawancinmu muke ɓata abin. Muna shiga, ko ruwa ba mu sha ba, sai: "Me ya hana ka zuwa coci?" Ya sunkuyar da kai, ya ce zai zo, ku tafi kuna murna, shi kuma daga ranar in ya hango ku sai ya canza layi. Ziyarar farko ba ta wa'azi ba ce. Minti goma sha biyar ta isa. Ku gaisa, ku kira shi da sunansa, ku ce an yi kewarsa, ku tambayi aiki da lafiyar gida, sannan ku rufe baki ku saurara. Ku tambaye shi abin da yake so a yi masa addu'a a kai, ku yi a gajarce in ya yarda. Kada ku kawo zancen kuɗin ƙungiya da ake bin sa. Kada ku kai masa ambulan na godiyar kaka. Don Allah, kada ku kai ambulan! Mutumin da ba a neme shi ba shekara biyu, ranar da aka zo kuma da takardar neman kuɗi aka zo, me kuke so ya ɗauka? Abin da ya faɗa muku kuma amana ne. In labarin cikin da yarinya ta yi ko shaye-shayen da yaro ya faɗa ya fita daga bakinku ya zaga farish, kun rufe ƙofar da hannunku, kuma ba ita kaɗai za ta ji tsoronku ba, har ƙawayenta.

Bayan mako biyu a koma. A ziyara ta biyu ko ta uku ne ake gayyata, kuma ba "sai mun gan ka" ba. A ce: zan biyo maka ƙarfe kaza, mu tafi tare, mu zauna tare. Wani kuɗin mota ne ya hana shi, kunya ba za ta bari ya faɗa ba. Wani takalmi ne.

Sai tambaya ta gaba: in ya dawo, me zai tarar? In taron matasa shi ne karanta bayanin taron baya, da tarar makara, da gardamar anko, da rigimar zaɓe, awa uku, to gara gidan ƙwallo, can ko ba komai ana dariya. A raba taron gudanarwa da taron bangaskiya. Na gudanarwa sau ɗaya a wata ya wadatar. Na bangaskiya a yi shi kowane mako, a ƙananan rukuni na mutum takwas zuwa goma sha biyu, a cikin unguwa, ko Brigade ne ko Badawa ko Dakata ko Panshekara, don kada kowa ya kama hanya da dare. Awa ɗaya da kwata: waƙa ɗaya, a karanta Bisharar Lahadi mai zuwa sau biyu a hankali, a yi shiru na minti uku, kowa ya faɗi kalmar da ta taɓa shi, a ɗauki tambaya ɗaya a amsa, a yi goma ɗaya na Rosari, a tashi a kan lokaci. In rukuni ya wuce goma sha biyu, masu baki uku ne za su cinye lokacin, sauran su koma kan waya. In jagora ya yi magana fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman, ya zama wa'azi na biyu. Ranar da za a zauna, su za a tambaya, ba a yanke musu ba.

Tambayoyin nan kuwa a ba su muhimmanci. Yaranmu suna shan su kullum a shago da aji, daga abokai Musulmi da 'yan wasu majami'u: don me kuke roƙon Maryamu, don me kuke faɗa wa mutum zunubinku, ina amfanin siffofin da ke cocinku? Yawanci ba da mugun nufi ake yi ba, amma yaron da aka tambaya sau goma bai da amsa, zai fara zaton babu amsar. A ajiye akwati su riƙa jefa tambaya ba suna. A buɗe musu Yohanna 20:22-23 a kan gafarta zunubi, da Luka 1:28 da 1:48 a kan Uwargida Maryamu, su gani da idonsu. A koya musu 1 Bitrus 3:15 zuwa 16 gaba ɗaya, har da wurin da ya ce da tawali'u da ladabi, domin a garin nan amsa mai zafi ba ta taɓa haifar da alheri ba. Wanda ya ce wa yaro "tambayar nan ta shaiɗan ce" ya tura shi TikTok neman amsa.

Kuma a ba su aiki na gaske, ba jera kujeru da ɗaukar kanofi kaɗai ba. Frederik Ozanam yana da shekara ashirin, ɗalibi a Faris, lokacin da shi da abokansa suka fara ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul mai taimakon matalauta a 1833. Kizito bai wuce shekara goma sha huɗu ba aka ƙone shi saboda bangaskiyarsa a Namugongo ta ƙasar Uganda a 1886, wanda ya yi masa baftisma kuwa, Charles Lwanga, bai kai talatin ba. Carlo Acutis ya rasu a 2006 yana da goma sha biyar, da kwamfuta ya tattara labaran al'ajiban Yukaris, Paparoma Leo na 14 ya ayyana shi waliyyi ranar 7 ga Satumba, 2025. Mu kuwa mai shekara ashirin da biyar muna ce masa yaro, ba ya karatu a bagadi, ba shi da kujera a majalisar farish. Wanda bai riƙe komai a gida ba, fita ba ta yi masa wuya.

Akwai waɗanda ma ba sa cikin littafinmu. Dayosis ɗin Kano, da ya cika dayosis a 1999, ya haɗa Kano da Jigawa, kuma samari da 'yan mata na ƙauyukanmu na Hausawa Kirista suna shigowa birni cin rani, aikin gida, gadi, dako. A ƙauye shi ne mai buga ganga a coci. A birni ya shiga Mas na Turanci, bai gane ba, kayansa ba irin na mutane ba, ba wanda ya ce masa sannu, ya zauna a bencin baya, bai sake dawowa ba. Katikis na ƙauye ya riƙa ba da takarda ko ya buga waya. A birni kuma a tsayar da mutum biyu masu jin Hausa a ƙofa kowane Mas, da littafi da biro, aikinsu baƙuwar fuska kawai: suna, unguwa, lamba, da lokacin Mas na Hausa. Cikin mako a kira.

Fada, da girmamawa: lokacin furta zunubi na yammacin Asabar, ɗan kasuwa yana shago. Ko rabin awa kafin Mas na Lahadi, ko dare ɗaya a wata, zai buɗe wa mutane da yawa hanya. Wanda ya yi shekara uku bai je ba ya manta yadda ake farawa, kunya ce ke riƙe shi. A buga matakan a ƙaramar takarda, Hausa da Turanci, a ajiye a bakin ƙofa.

Iyaye mata, ku da ba a ɓoye muku komai a unguwa, ku taimaka. Iyaye maza, ku da kuka tsaya wa yaran mutane, ku nemo lambobin nan. Kada ku jira kwamiti, kada ku jira Lokacin Azumi. Suna ɗaya. Wanda ya faɗo maka a rai tun kana karanta layin farko, shi nake nufi. Ka kira shi yau kafin ka kwanta. In bai ɗauka ba, gobe ka je.