Annabi Iliya Ma Ya Taɓa Gudu

'Yan'uwana matasa cikin Almasihu, wata ɗabi'a ta shigo tsakaninmu, wadda ke sa mutum ya ɓoye tsoronsa don kada a ce bangaskiyarsa ta raunana. Sai ka ga saurayi yana rera waƙa da ƙarfi a zumuntar matasa, alhali da dare ba ya iya runtsawa saboda tafiyar da ke gabansa a hanyar da masu garkuwa da mutane suka addaba, ko kuwa saboda ya gama hidimar ƙasa tuntuni, aiki ya ƙi samuwa.

Ku buɗe 1 Sarakuna sura 18 da 19. Iliya ya tsaya a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, ya sa aka kwarara ruwa a kan hadaya har sau uku, wuta kuma ta sauko daga wurin Ubangiji ta cinye kome. Amma da Yezebel, matar Sarki Ahab mai bautar Ba'al, ta aiko masa cewa gobe war haka zai zama gawa, sai mutumin nan ya ranta a na kare har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya nausa jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon mutuwa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda Allah ya bi da shi. Bai fara da tsawatarwa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan bayan tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb ya yi masa magana da murya mai taushi, ba cikin iska ko girgizar ƙasa ko wuta ba. Iliya ya dinga cewa shi kaɗai ya rage, Ubangiji kuwa ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Haka tsoro yake yi, yakan ɓata wa mutum lissafi har ya ga babu kowa tare da shi.

Saboda haka, kada ku kai tsoronku wurin boka, kada ku ɗaura laya a ƙarƙashin riga kuna ce mata kariya, domin wanda ya raba zuciyarsa biyu bai dogara ga kowa ba. Ku faɗa wa Allah abin da ke damunku ba kwana-kwana, ku kuma gaya wa fasto ko wani dattijo a ikilisiya. Dogara kuma ba ganganci ba ce, gama Nehemiya, sa'ad da magabta suka yi barazana ga aikin sake gina garun Urushalima, ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana.

Yezebel tana nan da ranta sa'ad da Ubangiji ya ce wa Iliya ya koma ta hanyar da ya zo. Ya tashi ya koma, ya tarar da Elisha, wanda zai gāje shi a aikin annabci, yana huɗa a gona, ya yafa masa alkyabbarsa.