Kafin a zagi mai shan tiramol, a tambaye shi ko yana barci

Duk sanda jami'an duwan, wato kwastan, suka baje katan-katan na tiramol da suka kama a hanyar Marwa ko Kusiri a arewacin Kamaru, aka ɗauki hoto aka watsa, maganar da ke biyo baya a rediyo da zaurukan WhatsApp da ƙofar masallaci ɗaya ce: yaran yanzu sun lalace, tarbiyya ta mutu, a tsananta hukunci. Kamun kayan daidai ne, masu safararsu kuwa ba su cancanci sassauci ba. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda kowa ya yarda cewa mai sha ɗan iska ne kawai. A duba da kyau su wa ke saye. Akwai samari, amma akwai magidanta masu mata da 'ya'ya, 'yan sintiri, direbobi, 'yan kilando masu haya da babur, masunta, da manoman da suka baro gonakinsu a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga. Ba wanda ya tsaya ya tambaye su abin da suke ƙoƙarin kashewa a jikinsu da wannan ƙwaya.

Mun san hare-haren Boko Haram da suka ratsa yankin nan. Kolofata a Yulin 2014, Fotokol a Fabrairun 2015, Njamena a Yuni, sai Marwa a Yulin shekarar, babbar kasuwa da unguwar Barmare rana guda, Pont Vert bayan kwana uku. Baga Sola, Darak, Bohoma inda aka kashe sojojin Cadi kusan ɗari a Maris na 2020. Rikicin Logone-Birni a 2021 ya kora dubban mutane ƙetaren kogi, ambaliyar 2022 da ta 2024 ta cinye abin da ya rage wa wasu. A duk waɗannan wurare maza ne suka tattara sassan jikin mutane a tabarma, su suka yi wanka da sutura, su suka haƙa kaburbura, washegari kuma suka fita neman na cefane. Ɗan sintirin da ya kwana shekaru a bakin gari da adda da kwari da baka, yana tare baƙon da bai san me ke ɗaure a ƙugunsa ba, an ce masa sannu da ƙoƙari, shi ke nan. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta nuna cewa a wuraren da aka yi yaƙi, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, daga damuwa da fargaba har zuwa masu tsanani. A majalisar mutum goma, lissafin ba ya buƙatar alli.

Ga majalisar kuwa. Bayan isha'i, buta a kan gawayi, an zuba na biyu. Akwai wanda kullum yake zama bayansa jingine da bango, fuskarsa na kallon bakin layi. Salansar babur ta yi ƙara, kofin ya suɓuce masa, ya miƙe tsaye bai sani ba. Sai dariya: "Haba Malam, tsoro kamar farar kura!" Shi ma ya yi yaƙe ya zauna. Da aka watse, ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi kowa lura da shi, ya ja shi gefe ya danƙa masa rabin ƙwaya: "Sha wannan, za ka ji ƙarfi, ni ma ita ke riƙe da ni." Wannan mutum ba mugu ba ne, tausayi ne ya sa shi. Batun da nake son a gane ke nan. Maza suna taimakon juna a kan wannan ciwo na razana tun tuni, a majalisa da tasha da bakin kogi, sai dai abin da ke hannunsu guba ne, don ba wanda ya ba su wani abu a madadinsa.

Ciwon yana da kamanni sanannu. Abin da ya faru yana dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu, har da ƙauri da ƙara. Yana guje wa wurin da abin ya faru, ko hanyar, ko zancen. Kullum a ɗarare yake, abu kaɗan ya firgita shi, abu kaɗan ya harzuƙa shi. Zuciyarsa ta dushe, suna da biki ba sa yi masa daɗi. A makonnin farko bayan tashin hankali wannan ba abin mamaki ba ne, kuma yawanci yana lafawa da kansa. In ya haura wata guda yana hana aiki da zaman gida, ya zama ciwo mai buƙatar magani. Namiji kuwa ba zai ce yana tsoro ba. Zai ce gabansa na faɗuwa, ƙirjinsa ya ɗaure, kansa na zafi, cikinsa na ci da wuta. A asibiti a gwada zazzaɓin cizon sauro da taifot, a ce olsa ce, a yi masa ƙarin ruwa, ya biya ya dawo gida da ciwonsa, domin ba a tambaye shi barci ba, shi ma bai faɗa ba. Akwai kuma firgicin da ke taso wa mutum farat ɗaya, da bugun zuciya da gumi da sarƙewar numfashi, ya kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya sauka. Mai shi yana rantsuwa mutuwa ce ta zo. Karon farko dole likita ya duba zuciya, musamman ga mai hawan jini ko wanda ya manyanta, amma in an duba ba a ga komai ba kuma abin yana dawowa, a daina sayen maganin olsa.

Tiramol dangin maganin kashe zafi ne masu sa jaraba. Ko a hannun likita ba a wuce miligiram 400 a yini, na kasuwa kuwa akwai mai 120 da mai 225, ana haɗiyar biyu uku lokaci guda. Yawansa na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, a kan babur ko a cikin kwalekwale. In ya saki mutum, abin da ke biyo baya shi ne fargaba da gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, wato ainihin abin da aka sha shi dominsa, sai a ƙara. Da dare a nemi diyazefam don a runtsa. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba wanda ya shiga tashin hankali irin wannan maganin barci a watan farko, saboda ba ya warkar da razanar kuma jiki na saurin sabawa da shi. Haɗa shi da tiramol ko da giyar bilbil na iya tsayar da numfashi cikin barci. Wanda ya daɗe yana sha kuma, in ya yanke rana ɗaya, jijjiga na iya kama shi. Saboda haka masu cewa "ka ji tsoron Allah ka zubar da su yau" suna iya jefa shi cikin haɗarin da ba su sani ba. Ragewa ake yi sannu a hankali, ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya.

Maganar da ta fi kowace cutarwa ita ce wai wannan raunin imani ne, namiji haƙuri aka san shi da shi. Daga ina aka samo wannan? Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma koya mana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ya umarce mu da neman magani. Haƙuri shi ne kada ka yi wa Ubangijinka butulci a kan ƙaddara. Ba a taɓa fassara shi da ɓoye ciwo har ya kai ka ga dukan matarka ba. Mai karaya yana addu'a kuma yana zuwa wurin maɗori, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Masu sayar da ruƙiyya a kwalba, da ke ce wa duk mai mugun mafarki aljana ta aure shi, kasuwarsu suke ci. Masu taron bita a otal da Faransanci ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, kuwa, muryarsu ba ta kai tasha.

A kuma daina cewa girman kai ne kawai ke hana maza magana. Mutumin nan ya yi lissafi. In aka ce ya taɓu, ba mai ba shi bashi a kasuwa, mai babur zai karɓe makullinsa, surukai za su fara shawara, ba za a ƙara sa shi gaba a sallah ba. Tsoronsa na kan hanya, kuma bakin da yake tsoro namu ne.

Shi ya sa aikin yake farawa da mutum ɗaya, ba a tsakiyar majalisa ba. A hanyar dawowa daga masallaci, ko kuna gyaran babur, kafaɗa da kafaɗa, ba ido cikin ido ba. A shiga ta ƙofar barci, don ba namijin da ke jin kunyar cewa bai yi barci ba: "Yaya, kwana biyun nan na ga idonka, barci na samuwa kuwa?" In ya ce lafiya lau, a bar shi, a sake bayan kwana uku. In ya fara magana, a yi shiru a saurara. Kada a ce masa wani ya fi shi shiga uku, kada a katse shi da wa'azi, kada kuma a matsa masa ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla. An gwada wannan dabara ta zaunar da mutum a sa shi ya amayar da komai a zama ɗaya, aka ga ba ta hana ciwon, har aka daina ba da shawarar yin ta. Abin da ya faɗa kuma ya mutu a nan. Ko mai ɗakinka kada ta ji, domin in ya tsinci zancensa a bakin wani, ba zai ƙara buɗe baki ga kowa ba.

Akwai ƙananan abubuwa da aboki zai iya yi tun kafin asibiti. Numfashi na ciki: hannu ɗaya a kan cibiya, a ja iska ta hanci ana ƙirga uku a hankali har cikin ya taso, a sake ta ana ƙirga uku, na tsawon minti biyu zuwa goma, kullum, lokacin da hankali ke kwance, don jiki ya saba kafin firgicin ya zo. Kuskuren da ake yi shi ne jan iska da ƙarfi da sauri ta ƙirji, wanda ke kawo jiri da tsirawar yatsu, mutum ya ce abin ƙara masa ciwo yake. Shayin dare mai kauri da goro da Nescafé suna ƙara bugun zuciya suna korar barci, a tsayar da su daga la'asar, kuma ya fi sauƙi in majalisar gaba ɗaya ta rage tare da shi. A daina tura masa bidiyon gawarwaki. In ya ƙaurace wa kasuwa alhali yanzu lafiya take, a raka shi bakinta a tsaya har gabansa ya daina faɗuwa, gobe a ƙara matsawa ciki. In aka gudu tun tsoron na kan ganiyarsa, tsoron ne ke ƙara ƙarfi.

Amma aboki ba likita ba ne, kuma akwai inda dole a wuce gaba: in an haura wata ba sauƙi, in ya daina fita aiki, in hannunsa ya fara kai wa iyali, in yana jin muryoyi, in ya fara cewa gara mutuwa ko yana rabar da kayansa yana neman gafara ba dalili. A nan a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, an bincika an tabbatar. In ya amsa cewa yana yi, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin feshin auduga da maganin ɓera da bindiga da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai shi asibiti a ranar. A yankin noman auduga kwalbar feshi na bayan ƙofa a kusan kowane gida, kuma minti kaɗan na ɓacin rai ya isa.

Cewa "ka je asibiti" ba ya kai kowa asibiti. Ɗaukarsa ake yi a tafi tare, da kwalin duk abin da yake sha a aljihu, a taya shi faɗa wa nas gaskiya: ba ya barci tun wata kaza, yana mugun mafarki, yana shan tiramol kaza a yini. Wannan na ƙarshe wajibi ne, domin tiramol ba ya jituwa da magungunan damuwa irin su fuluwoksetin da amitiriftilin. Su waɗannan ba sa aiki nan take. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ji sauƙi, alhali bushewar baki ko tashin zuciya ko kasala na zuwa tun kwanakin farko. A nan mafi yawa ke jefar da su su ce ba sa yi. Bayan an warke ma ana ci gaba da sha na wata tara zuwa shekara, in ba haka ba ciwon na dawowa. Amitiriftilin kuma yawansa na kisa, don haka wanda ya taɓa zancen mutuwa, ɗan'uwansa ne zai riƙe maganin ya riƙa ba shi na kwana-kwana.

Likitocin ƙwaƙwalwa a arewacin Kamaru da Cadi ba su taka kara sun karya ba, kuma ba kowa ke iya kai ɗan'uwansa asibitin Jamot a Yawunde ba. Jiran a gina mana irinsa jiran gawon shanu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin taimaka wa masu damuwa tun 2016, na zama biyar, minti 90 kowane mako, wanda mutumin da ba likita ba zai iya gudanarwa in an horar da shi ana kuma duba aikinsa. A koya wa shugabannin 'yan sintiri da na tasha da limamai da lawanai, da Hausa da Fulatanci da Kanuri da Larabcin Shuwa, a sa lokacin zama bayan magariba, ba ƙarfe goma na safe da magidanci ke neman abinci ba. Kuɗin fetur da na kati kuwa majalisar da ke iya haɗa gudunmawar biki tana iya haɗa su, musamman na komawa ta biyu da ta uku, domin a nan ne ake yawan rasa mutum, ranar da ya ce ya ji sauƙi ko ya ce ba shi da na mota.