Ku daina goge shafin farko, ƙannena marubuta

A makon nan, a wani zauren marubuta na WhatsApp, wata yarinya ta turo sakin layi ɗaya tana neman a duba mata. Da aka tambaye ta ina sauran labarin, sai ta ce wata huɗu ke nan tana kan wannan sakin layin, ta sake shi ya fi a ƙirga, wai bai yi mata ba. Abin da ya fi ɓata rai shi ne yadda 'yan zauren suka yi ta yaba mata, wai ta san darajar rubutu. Wace daraja? Wata huɗu babu labari, babu babi, sai gogewa!

Wannan cuta ta kama da yawa daga cikinku. Mutum ya buɗe waya, ya rubuta jimla biyu, ya karanta, ya ɓata fuska, ya goge. Gobe haka, jibi haka. Ɗalibi yana da kundin kammala digiri, babi na ɗaya ya sha gyara sau bakwai, babi na uku ko kansa ba a rubuta ba, ga ranar miƙawa ta ƙarato. Mai son shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi tun 2016 kuma ba ta neman abin da ya wuce kalma 1,000 zuwa 1,500, sai ta kwashe makonni tana zaɓen sunan jarumarta, Hafsat ce ko Nafisa, har a rufe karɓar labarai. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ku kun zauna kuna ta goge bakin goran da ko yanko shi ba a yi ba.

Ku fahimci abin da ke faruwa a kanku. Rubutu aiki biyu ne, zubawa da tacewa, kuma ba sa haɗuwa a zama ɗaya. Mai zubawa yana bukatar gudu, mai tacewa yana bukatar tsayawa. Duk wanda ya haɗa su kamar direba ne da ya taka totur da birki tare, sai ƙara da hayaƙi, mota na nan inda take. Kuma ba za ka san ko farkon labarinka ya yi daidai ba sai ka ga ƙarshensa. Sau da yawa shafin nan na farko da ka sha wahala a kansa shi za ka fara cirewa, domin sai a shafi na uku labarin ya tashi.

A makarantar allo yaro yakan rubuta ne tukuna, da kurakuransa, sannan ya kai wa malam ya duba ya gyara. Babu malamin da ya taɓa gyara allon da ba a rubuta komai a kai ba. To ku me kuke so a gyara muku?

Abin yi ba wani mai wuya ba ne. Ka ɗaure wa kanka kalma 300 a rana, a lokaci ɗaya, bayan asuba ko bayan isha'i. Kwana biyar ka gama gajeren labari, kwana 100 kana da kalma 30,000. Ka kashe data kafin ka fara. Inda kalma ta ɓace maka, sa alamar tambaya uku ka wuce. Inda kake bukatar binciken sunan gari ko shekara, rubuta "a duba" ka wuce. Kada ka tsaya neman ƙ da ɗ da ɓ a allon waya, kada ka tsaya tunanin ko "yake" a haɗe yake ko a rabe. In ka kai ƙarshe, ajiye shi mako guda ba ka leƙa ba. Sannan ka karanta a fili da bakinka, duk inda harshe ya sarƙe ko numfashi ya yanke, akwai gyara a wurin. Ka fara da tsari, wane babi ya yi yawa, wane jarumi ya ɓace a tsakiya. Jimloli su biyo baya. Ƙa'idojin rubutu su zo ƙarshe.

Kada masu ɗaya halin su ɗauka ina goyon bayansu. Ina nufin waɗanda ke rubuta babi da dare su watsa shi da safe ko sake karantawa ba su yi ba, suna roƙon a yi musu sharhi wai shi ne ƙarfin gwiwarsu. Balle masu kwafe labarin wani su canja sunaye. Wannan ma abin kunya ne. Amma ko banza su suna da abin da za a gyara, mai gogewa ba shi da komai, sai tsammanin warabbuka.

Kuma a faɗi gaskiya, ba son inganci ne ke hana ku ba, tsoron a ga kasawarku ne. Kuna so rubutunku na farko ya fito kamar na wanda ya shekara talatin da alƙalami. Kamala ta Allah ce, ƙannena. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yayyenmu da suka cika kasuwannin Kano da littattafai a shekarun 1990, a littafin makaranta mai layi suke rubutu da biro, wasu da fitilar ƙwai. In sun yi kuskure su ja layi a kai su ci gaba, su rubuta gyara a gefen shafi, su cika littafi biyu ko uku sannan su kai wa mai buga na'ura. Babu maɓallin gogewa a hannunsu, kuma suna jin kunyar a kira su marubuta alhali ba su kammala komai ba. Yau mutum ya sa "marubuci" a gaban sunansa a Facebook, ya sa a zana masa bangon littafi, har ya sanar da ranar fitowa, babi na biyu kuwa yana nan a ka.